Darasi: Abin da ke Sa Ɗalibin Jami'a Ya Duƙufa ga Karatu

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son mai karatu ya iya:

1. bayyana ma'anar duƙufa ga karatu da fuskokinta uku;
2. bambance ƙaimin ciki da ƙaimin waje;
3. faɗin hanyoyin da yarda da iyawa ke ginuwa a zuciyar ɗalibi;
4. gane yadda fassarar da ɗalibi ya yi wa faɗuwarsa ke shafar abin da zai yi gobe;
5. ba ɗalibin da gwiwarsa ta yi sanyi shawarar da ta dace da matsalarsa.

Gabatarwa

Da yawa daga cikin masu wannan aji iyaye ne ko yayye masu biyan kuɗin makarantar wani. Wasu kuma su da kansu ne ke shirin komawa karatu, ta Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN ko ta ajin ƙarshen mako. Duk wanda ke cikin waɗannan ya taɓa ganin yaron da ya ci jarrabawar JAMB da maki mai kyau, aka yi murna, aka kai shi makaranta da buhun gari da risho, amma kafin ya gama aji biyu ya daina zuwa lakca. A gida hukunci ɗaya ake yankewa: ya lalace, ko ya haɗu da abokan banza.

Wani lokacin haka ɗin ne. Amma sanyin jiki ga karatu kamar zazzaɓi yake, alama ce kawai, cututtuka daban-daban ne ke kawo shi, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan aiki. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin waɗannan dalilai. Za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

1. Mene ne duƙufa ga karatu?

> Duƙufa ga karatu: yawan lokaci, ƙoƙari, sha'awa da tunanin da ɗalibi ke sa wa karatunsa.

A shekarar 2004 wasu masana uku a Amurka, Jennifer Fredricks da Phyllis Blumenfeld da Alison Paris, sun tattara binciken da aka yi a kan wannan batu, suka nuna cewa duƙufa tana da fuska uku. Akwai ta aikace: zuwa lakca, yin aikin gida, shiga ɗakin karatu. Akwai ta zuciya: ko ɗalibi yana son abin da yake koyo, ko yana jin daɗin wurin. Sai ta tunani: ko yana ƙoƙarin fahimtar abin, yana haɗa shi da abin da ya riga ya sani, ko kuwa hadda yake yi don ya zuba a takarda ya manta.

Ta farko ce kaɗai ido ke gani, shi ya sa ita ake aunawa. Jami'o'i da yawa a Nijeriya sun gindaya sharaɗin halartar kashi 75 cikin 100 na lakcoci kafin a bar ɗalibi ya zauna jarrabawa. Wannan doka tana iya kawo jikin ɗalibi cikin aji, amma ba ta da iko da zuciyarsa.

*Misali.* Ɗalibai uku a babban ɗakin lakca. Ta farko ba ta taɓa fashi ba, littafinta tsaf, duk abin da malami ya faɗa ta rubuta, amma in ka ce ta yi maka bayani da bakinta sai ta yi shiru. Na biyu yana son darasin har yana gardama a kansa a wurin mai shayi, sai dai bai taɓa miƙa aikin gida a kan lokaci ba. Na uku yana can kujerar baya, waya a hannu, yana jiran takardar sa hannu ta iso gare shi ya sa wa kansa da abokinsa da ke barci a hostel. Ta farko tana da duƙufar aikace, ta tunani ce ta yi mata ƙaranci. Na biyu zuciyarsa na ciki, aikin ne babu. Na uku kuwa sai mun bincika mu ga abin da ya faru da shi, kuma sauran darasin duk a kansa yake.

2. Ƙaimi: don me nake wannan karatun?

> Ƙaimin ciki: yin abu don ana jin daɗin abin ko ana sha'awarsa.
> Ƙaimin waje: yin abu don a sami lada ko a guje wa hukunci, kamar maki, takardar shaida, ko faɗan iyaye.

A shekarar 1971 wani masani mai suna Edward Deci ya yi gwaji da ɗaliban jami'a a Amurka. Ya ba su wani wasan haɗa 'yan guntaye mai jan hankali. Wasu daga cikinsu ya biya su dala ɗaya a kan kowane wasan da suka warware, wasu bai ba su komai ba. Daga baya ya daina biya, ya riƙa barin su su kaɗai a ɗaki na 'yan mintoci, ga wasan ga mujallu a ajiye, ana lura da abin da za su yi. Waɗanda aka saba biya sai suka rage taɓa wasan. Kuɗin ya mayar musu da abin sha'awa aikin lada, da ladan ya tsaya sai sha'awar ta bi shi.

Kada a fahimci wannan a kan cewa ƙaimin waje haramun ne. Ba kowa ke shiga jami'a don son ilmi tsantsa ba, mafi yawa aikin yi suke nema, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Abin da Deci da abokin aikinsa Richard Ryan na Jami'ar Rochester suka nuna a littafinsu na 1985 da ayyukansu na baya shi ne, dalilin da ya zo daga waje yana iya zama na mutum, in ya karɓe shi da zuciyarsa. Ɗalibar da ke karanta aikin jinya don ta ga yadda mata ke wahala wajen haihuwa a garinsu ba lallai ta ji daɗin haddar sunayen ƙasusuwa ba, amma za ta yi, domin ta san inda ta dosa. Wadda ke karantawa don kawai kada Baba ya yi fushi, ranar da Baba ba ya kallo karatun ya tsaya.

Deci da Ryan sun ce akwai buƙatu uku da in suka samu ƙaimi yake ɗorewa: mutum ya ji yana da ta cewa a abin da yake yi, ya ji yana iyawa, ya kuma ji yana da alaƙa da mutanen wurin. Biyun ƙarshe za mu zo kansu. Ta farkon ce ta fi ci wa ɗalibanmu tuwo a ƙwarya, saboda sau da yawa ba su suka zaɓi kwas ɗin da suke yi ba. Guraben likitanci da lauya da harhaɗa magunguna kaɗan ne, masu nema kuma dubbai, sai jami'a ta tura ɗalibi wani sashen da bai taɓa tunani ba. Wani kuma a gida aka zaɓa masa tun yana firamare ana kiran sa Dakta.

*Misali.* Wani saurayi ya nemi likitanci aka ba shi kimiyyar tsirrai. Ya dawo hutu da sakamako marar daɗi. Yayansa mai biya masa kuɗin makaranta yana da hanya biyu. Zai iya cewa, “In ka sake kawo mini irin wannan, ka nemi mai biya maka.” Wannan zai yi aiki na mako biyu. Ko kuma ya zaunar da shi.

“Tsakaninka da Allah, kwas ɗin ne ba ka so, ko kuwa wahala yake ba ka?”

“Yaya, ni ban san abin da zan yi da shi ba in na gama. Kowa dariya yake mini.”

“To, abu biyu ne. Ko ka sake zana JAMB, mu san shekara ɗaya ta tafi, ko ka tsaya a nan. Kafin ka zaɓa, je ka ga masu aiki a cibiyar binciken noma ta Samaru, ka ga abin da masu irin karatunka ke yi. In ka dawo ka faɗa mini wanda ka ɗauka.”

Yayan bai canja kwas ɗin ba. Abin da ya yi shi ne ya mayar da zaɓin hannun ƙanensa. Ko da yaron ya tsaya a kimiyyar tsirran, yanzu shi ya zaɓi tsayawa, kuma mutum ya fi jure wahalar abin da ya ɗora wa kansa.

3. Yarda da iyawa

> Yarda da iyawa: imanin da mutum ke da shi cewa zai iya yin wani takamaiman aiki in ya sa kansa.

Albert Bandura, ɗan asalin Kanada da ya koyar a Jami'ar Stanford, shi ya fito da wannan bayani a 1977. A lura da kalmar takamaiman aiki. Ana iya samun ɗan kasuwa mai ji da kansa, wanda ba ya tsoron kowa a ciniki, amma in aka ce ya tashi ya yi bayani da Turanci a gaban aji sai gumi ya karyo masa. Yarda da iyawa ba girman kai ba ce, kuma tana iya yin ƙarfi a wani fanni ta yi rauni a wani.

Muhimmancinta shi ne ita ke yanke ko mutum zai fara, da kuma tsawon lokacin da zai daure in abu ya yi tauri. Ɗalibai biyu masu basira ɗaya, wanda ya yarda zai iya zai sake gwada lissafin da ya ƙi fita sau uku, ɗayan zai rufe littafin tun a karon farko.

Bandura ya ambaci hanyoyi huɗu da take ginuwa. Mafi ƙarfinsu ita ce mutum ya yi abin da hannunsa ya ga ya yi nasara. Ta biyu, ya ga wani irinsa ya yi. Ta uku, wani da ya yarda da shi ya ƙarfafa masa gwiwa. Ta huɗu, yadda yake fassara abin da jikinsa ke yi, kamar bugun zuciya da rawar hannu. Mu a gida ta ukun muka fi riƙewa, wato baki: “Ai kai gwani ne, za ka iya.” Ba laifi, amma ƙarfinta bai kai na ta farko ba, kuma faɗuwa ɗaya tana iya share ta.

*Misali.* Wata malamar firamare mai 'ya'ya huɗu ta koma yin digiri bayan shekaru da barin makaranta. Kwas ɗin ƙididdiga ya tsaya mata a wuya, har ta fara cewa kanta ya tsufa. Wata ƙawarta da ta yi kwas ɗin bara, ita ma mai iyali, ba ta yi mata wa'azi ba. Ta ce ta kawo takardar makin 'yan ajinta, su fitar da matsakaicin maki. Malamar ta yi cikin minti biyar, domin aikinta ne na kowane zangon karatu. Ƙawar ta ce, “To ai babin farko ke nan kika gama.” Daga nan suka riƙa yin tambaya uku kullum bayan la'asar, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. A nan hanyoyi biyu ne suka haɗu: ta ga nasara da hannunta, ta kuma ga mace irinta da ta haye.

4. Yadda ɗalibi ke fassara faɗuwarsa

> Fassarar sakamako: dalilin da mutum ke ba kansa na cin nasara ko faɗuwa.

Ranar da aka manna sakamako a allon sashe, kowa yana da bayani. “Malamin ne mugu.” “Ni dama ba ni da kan lissafi.” “Ban fara karatu da wuri ba.” Masanin nan Bernard Weiner ya nuna cewa abin dubawa a kowane bayani shi ne: dalilin yana canjawa ko dindindin ne, kuma yana hannun ɗalibin ko ba ya hannunsa? Wanda ya ce malami mugu ne ya ɗora laifin a inda ba shi da iko. Wanda ya ce ba shi da kai ya ɗora shi a abin da yake gani ba ya canjawa. Su biyun ba su da dalilin yin wani abu daban a zango mai zuwa. Na ukun ne kaɗai ya bar wa kansa ƙofa.

Carol Dweck ta faɗaɗa wannan. Ta ce wasu suna ɗaukar basira abu ne da aka haifi mutum da shi ba ya ƙaruwa, wasu kuma suna ɗaukar ta abu ne mai girma da koyo. A wani gwaji da ita da Claudia Mueller suka buga a 1998, yaran da aka yaba wa da cewa suna da ƙwaƙwalwa sun fi gudun aiki mai wuya daga baya, waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu kuwa sun fi daurewa. Wannan ya shafi yaron da ya saba zuwa na ɗaya a sakandaren garinsu. A jami'a zai tarar da ɗaruruwan na ɗaya, kuma in duk abin da ya dogara da shi shi ne sunan mai ƙwaƙwalwa, F ɗin farko za ta girgiza shi fiye da kowa.

Sai dai a yi hattara da masu sayar da wannan magana kamar maganin komai da komai. A wani babban bincike da aka buga a 2019, wanda ya ƙunshi ɗaliban sakandare fiye da 12,000 a Amurka, koya wa ɗalibai cewa basira tana ƙaruwa ya ɗaga makin masu rauni, amma da ɗan kaɗan. Yana taimakawa, bai maye gurbin malami nagari da littafi ba.

Akwai kuma maganar ƙaddara. Cewa haka Allah ya so yana sanyaya zuciya, kuma mai imani ba ya rabuwa da shi. Amma malamai sun sha bayyana cewa tawakkali bai hana riƙo da sababi ba. Bayan an yi haƙuri, tambayar tana nan: me za a yi daban?

*Misali da lissafi.* A tsarin maki biyar da jami'o'in Nijeriya da yawa ke bi, A maki 5 ce, B 4, C 3, D 2, E 1, F kuma 0. Ɗalibi ya ɗauki kwas 6 masu nauyi 3 kowanne, jimla 18. Ya sami B biyu, C uku, F ɗaya.

B biyu: 4 × 3 × 2 = 24
C uku: 3 × 3 × 3 = 27
F ɗaya: 0
Jimla 51. A raba da 18, an sami 2.83.

Ɗalibin ya ce shi ke nan, digirinsa ya lalace. Mu duba. In a zango na biyu ya ɗauki nauyi 18 ya sami B a duka, maki 72 ke nan. 51 da 72 sun zama 123, a raba da 36, an sami 3.42. In ya maimaita haka a zango na uku, 195 a raba da 54, an sami 3.61, wato ya shiga babban mataki na biyu na digiri da ke farawa daga 3.50. Yin wannan lissafi tare da ɗalibi a kan takarda ya fi ce masa ya kwantar da hankalinsa.

5. Jin kai ɗan gida

> Jin kai ɗan gida: ɗalibi ya ji cewa wurin nasa ne, an san da shi, kuma irinsa sun cancanci zama a nan.

Vincent Tinto, wanda ya yi nazarin dalilan barin jami'a tun 1975, ya nuna cewa ɗalibin da ya saje da karatun da kuma mutanen makarantar ya fi tsayawa har ƙarshe. Ka ɗauki yaron da ya fito daga makarantar gwamnati ta ƙauye, shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a. A makon farko ya yi tambaya, wasu suka yi dariyar Turancinsa. Ɗan birni in aka yi masa haka zai ce yau ba sa'a. Shi kuwa zai ce dama nan ba wurinsa ba ne, kuma ba zai sake ɗaga hannu ba.

Gregory Walton da Geoffrey Cohen sun gwada wani abu mai sauƙi a wata jami'a a Amurka, suka buga sakamakon a 2011. Sun ba sababbin ɗalibai bayanan tsofaffin ɗalibai masu nuna cewa kusan kowa yakan ji baƙunta a shekarar farko, kuma tana wucewa. Sannan suka sa su rubuta irin wannan saƙo don masu zuwa bayansu. Cikin shekaru uku makin ɗalibai baƙar fata da aka yi wa wannan ya tashi, tazarar da ke tsakaninsu da farar fata ta ragu da kusan rabi. Ba a koya musu wani darasi ba, an dai canja yadda suke fassara ranar da ba ta yi daɗi ba.

A wajenmu ƙungiyoyin ɗalibai na jiha da na ƙaramar hukuma, da na masallaci da coci, da tutoriyal ɗin da 'yan aji uku ke yi wa 'yan aji ɗaya, su ke yin wannan aikin ko da ba su sani ba.

6. Fargaba da ɗage-ɗage

> Fargabar jarrabawa: tsoro mai yawa da ke hana ɗalibi amfani da abin da ya sani.
> Ɗage-ɗage: jinkirta aikin da aka san ya kamata a yi, alhali an san jinkirin zai cutar.

'Yar fargaba kaɗan tana da amfani, ita ke tashin mutum da asuba. Mai yawa kuwa tana cinye wurin da tunani ke aiki, shi ya sa ɗalibi zai fito daga ɗakin jarrabawa amsar ta faɗo masa a bakin ƙofa. A 2011 Gerardo Ramirez da Sian Beilock na Jami'ar Chicago sun nuna cewa ɗalibai masu fargaba da suka ɗauki minti 10 kafin jarrabawa suna rubuta abin da ke damun su a takarda sun fi samun maki.

Ɗage-ɗage ɗan uwan fargaba ne. Sau da yawa ba ƙiwa ba ce, gudun ɓacin ran da buɗe littafin ke kawowa ne. Sai a tara komai har mako ɗaya kafin jarrabawa, a shiga karatun kwana da kofi da goro, ƙafa cikin bokitin ruwa. Kuma irin karatun da ake yi a daren, maimaita karanta handawut, shi ne mafi yaudara. Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gwada wannan a 2006. Wasu ɗalibai sun yi ta maimaita karanta wani rubutu, wasu sun karanta a zama ɗaya sannan suka rufe suka yi ta ƙoƙarin tuno shi. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako ɗaya sun tuna kashi 40 cikin 100, masu gwada kansu kuwa kashi 61.

*Misali.* Wani ma'aikacin ƙaramar hukuma mai karatun ƙarshen mako kullum yana cewa zai dage. Wani masani, Peter Gollwitzer, ya nuna cewa niyyar da aka ɗaura wa lokaci da wuri ta fi cika a kan niyya sakaka. Sai ma'aikacin ya canja magana: “In na idar da sallar asuba, zan zauna a zaure, waya tana ɗaki, in rufe littafi in rubuta abin da na tuna daga lakcar Asabar, minti 20.” Abin da ya kasa tunowa shi zai buɗe ya duba.

7. Inda wannan bayani ya tsaya

Ba daidai ba ne a ɗora komai a zuciyar ɗalibi. A 2020 yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya kai wata tara, na 2022 kuma wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda ya yi wannan zaman a gida, ya koyi ɗinki ko ya shiga kasuwa, in ya dawo jikinsa a sanyaye ba sai an nemo masa wani dalili ba. Haka wanda ke cin abinci sau ɗaya a rana, ko wanda ke tsaye a taga don ɗakin lakca ya cika.

Sannan akwai ciwon damuwa. In ɗalibi ya shafe mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, ya daina jin daɗin abin da ya saba so, barcinsa da cinsa sun canja, ya janye daga mutane, wannan ba batun dabarar karatu ba ne. A kai shi asibitin makaranta ko sashen ba ɗalibai shawara. In ya fara maganar gajiya da rayuwa, kada a jira, kada kuma a bar shi shi kaɗai.

Tambayoyin bita

1. Kawo fuskoki uku na duƙufa ga karatu. Wacce ce takardar sa hannu ke aunawa?
2. Me ya faru da ɗaliban da Deci ya biya bayan ya daina biyan su? Me wannan ke nuna wa uban da ke yi wa ɗansa alƙawarin waya a kan kowane sakamako?
3. A misalin kimiyyar tsirrai, wace buƙata yayan ya biya wa ƙanensa?
4. Lissafa hanyoyi huɗu da yarda da iyawa ke ginuwa, ka faɗi mafi ƙarfinsu.
5. Ga maganganu uku. A kowacce faɗi ko dalilin yana hannun ɗalibi ko a'a: “Tambayoyin ba daga handawut suka fito ba.” “Mu a gidanmu ba ma jin lissafi.” “Ban yi tsofaffin tambayoyi ba.”
6. Ɗaliba ta ɗauki kwas 5 masu nauyi 3 kowanne, ta sami A ɗaya, B biyu, D ɗaya, F ɗaya. Fitar da matsakaicin makinta.
7. Me ya sa maimaita karatu ke sa ɗalibi ya ji kamar ya iya alhali bai riƙe ba?
8. Waɗanne alamu ne ke nuna cewa ɗalibi likita yake buƙata?
9. Aikin rukuni: ku zauna uku-uku. Kowa ya kawo labarin wani ɗalibi da ya sani wanda gwiwarsa ta yi sanyi, ba tare da faɗin sunansa ba. Ku tantance wanne ne daga cikin dalilan wannan darasi ya fi kusa da matsalarsa, sannan ku rubuta tambayoyi biyu da za ku yi masa kafin ku ba shi shawara.